Sawun Mega Goma Sha Shida

Ranar Asabar, tara ga Janairun 1999, aka gane an yi sata a ofishin cocinmu da ke bayan layin dogo a Kafanchan. Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle taga ba. Kwamfuta tana zaune a kan teburinta, lulluɓe da mayafin da Zumuntar Mata ta ɗinka mata. Abin da aka ɗauke a cikin cikinta yake, kuma a duk ikkilisiya ba a samun mutum uku da suka taɓa ganinsa. Wannan bai hana kowa sanin ɓarawon ba tun kafin la'asar.

Meshak ne ya gano. Ɗan Dattijo Azariya ne, shugaban dattawan coci. Ya gama difloma shekara biyu babu aiki, kowace Asabar kuwa ana buɗe masa ofis ya yi wasan harbi a kwamfutar har hannunsa ya sage. Mako shida ya yi a Kwoi yana taya kawunsa tonon citta. Da ya dawo ya kunna wasan, wasa ya ƙi tashi. Ya kira Nnaemeka mai gyara, wanda shagonsa ke kusa da tashar jirgi. Nnaemeka ya kwance bayanta, ya leƙa, ya yi fito.

"Memori huɗu na bari a nan," in ji shi. "Yanzu biyu ne."

Ya nuna mana ragowar: wasu 'yan faranti kore, kowanne bai fi tsinken tsire tsawo ba, kowanne mega takwas. Talatin da biyu ta koma goma sha shida.

Mabuɗin ofis ɗaya ne, yana hannun Emilia mai buga takardu. Marainiya ce daga wajen Zonkwa, an sa ranar aurenta bayan Ista, an kuma gan ta da sabon takalmi a Kirsimeti. Mutanenmu ba sa buƙatar fiye da haka. Zuwa Lahadi ana ta raɗa cewa za a sa ta a horo. Wanda bai san horo ba: a kira sunanka a gaban jama'a, ka koma bencin baya, ba ka cin jibin Ubangiji da ake rabawa a coci, ba a ɗaura maka aure a coci sai an ɗage. Namiji kan yi wata uku ya fito yana dariya. Mace mai jiran aure ba ta fitowa da komai.

Ni na koyar da Emilia a aji biyar. Ni ce kuma mace ɗaya da ke shiga taron dattawa, don rubutuna ya fi nasu kyau. Ina rubuta abin da suka yanke, ba ni da ƙuri'a. Litinin da safe na aika a kira mani Baba Eli.

*

Eli tsohon maharbi ne daga gindin duwatsun Kagoro. In an saci akuya, ko keke, ko buhun citta, shi ake nema ya bi sawu. Dattawa ba sa son sa, wai da magani yake aiki. Na san shi shekara arba'in, maganin da na gani a wurinsa shi ne ba ya gaggawa, kuma yana barin mutum ya gama magana.

"Malama Magdalene," ya ce da ya ga kwamfutar, "wannan dabba ba ta da kofato. Me zan bi?"

"Ba ita ta yi tafiya ba, Baba. Wani ne ya zo wurinta."

Samarin coci sun riga sun samo masa sawu. A ƙarƙashin taga ta baya akwai shatin silifas biyu a ƙasa mai laima, sun kife masa roba don kada ya ɓace. Sun ma san mai shi: Nuru, mai shayin bakin ƙofar coci. Rabin ikkilisiya na cewa Emilia ce, ɗaya rabin na cewa ita ta miƙa wa Nuru ta taga.

Eli ya ɗaga robar, ya tsuguna, ya daɗe. Sa'an nan ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Ƙafa biyu a jere, a buɗe, suna fuskantar bango. Mai karɓar kaya ta taga yakan yi ɗage, yatsunsa su nutse. Wannan dugadugansa ne suka nutse." Ya dubi samarin. "Fitsari ya zo yi. Ku da kuka kife roba ba ku ji wari ba?"

Nuru yana tsaye daga nesa da buta a hannu. Bai yi dariya ba.

"Baba, tun rikicin casa'in da biyu ko allura ta ɓata a unguwar nan, ni ne. Shekara goma sha ɗaya ina ba su shayi."

"Ka nemi wani bangon," in ji Eli.

*

Daga nan muka gangara shagon Nnaemeka. Shi ma sunansa yana bakin mutane, tunda shi kaɗai ke sayar da irin kayan a garin. Ubansa direban jirgi ne, a nan aka haife shi, Hausarsa irin ta tasha ce.

"Ɗana," Eli ya ce, "ka yi mani bayani kamar ga jaki. Mene ne amfanin abin da aka sace?"

Nnaemeka ya share tebur da hannu. "Baba, ka san filin shanya citta? To memori shi ne fili. Kayan yana cikin sito, amma in za a yi aiki dole a baza shi a fili. Wasiƙa, buhu ɗaya ne. Mega takwas sef zai yi, sai dai ka yi haƙuri. Goma sha shida, wasiƙa yana gudu, ba wahala. Amma wannan wasa na Meshak buhu goma ne. In ba talatin da biyu ba, ba zai shiga fili ba."

"Da kai ne ɓarawon, nawa za ka ɗauka?"

"Haba Baba!"

"Na ce da."

"Duka huɗu mana. Wanda ya buɗe ya ga huɗu, me zai sa ya bar biyu?"

"In an kwashe duka?"

"Ba zai tashi ba sam. Da safe kowa ya sani."

"In an bar ɗaya?"

"Emilia zai ji shi yana jan ƙafa. Zai kira ni."

"In an bar biyu?"

Nnaemeka ya sosa ƙeya. "Ba wanda zai sani. Sai mai wasa."

Eli ya gyaɗa kai. "Wanda ya ɗauke 'yan akuya ya bar wa uwar ɗaya don kada nono ya ƙafe, ba daga nesa ya zo ba. Yana shan nonon. Wa ya taɓa tambayarka wannan lissafi na fili?"

"Kowa na tambaya na abu. A Oktoba da na je share shi, ofis cike yake, mata suna shara." Ya kau da kai. "Baba, abeg, don Allah. Papa na ya gaya mani, a garin nan ka gyara inji, kar ka gyara mutane."

Muna bakin ƙofa ya sake magana, ba tare da ya dube mu ba. "Kusoshin bayan, a Oktoba sun yi tsatsa, sai da na yi gumi. Ranar Asabar da yatsa na kwance su. Wani ya sa masu mai."

*

Eli ya ce yana so ya ga wasan da idonsa. Nnaemeka ya ba da aron memori biyu daga shagonsa, ya soka su, muka kira Meshak.

An ce wasa ba ya kisa. Ban san wanda ya fara faɗin haka ba, amma bai tsaya a bayan Meshak ba ranar nan. A allon, hannu ne kawai riƙe da bindiga, yana bin lunguna masu duhu, duk wanda ya ɓullo a harbe shi ya faɗi. Cikin minti biyar yaron ya manta muna ɗakin. Haƙoransa a cije, leɓensa na motsi. Na ɗauka ƙirga yake yi. Da na matsa na ji sunaye ne. Kowane wanda ya faɗi, sai ya kira masa suna: mahaucin da muke sayen nama a wurinsa, mai albasa na bakin kasuwa, Nuru. Mutane masu rai.

Yayansa Shedrak ya fita a rikicin casa'in da biyu, ba a samu ko takalminsa ba. Ba wanda ya san wa ya kashe shi, ko ma a ina. Meshak ya raba laifin ga duk fuskar da ya sani.

Eli ya dafa kafaɗarsa. "Ya isa. Wa ya tura ka Kwoi?"

"Mama. Ta ce zama ya yi mani yawa."

"Takan zo nan in kana wasa?"

"Tana kawo mani abinci wani lokaci." Ya ja tsaki. "Baba, ku bar zagaye-zagaye. Yarinyar nan ce ta saida shi ta sayi takalmi."

*

Mun sami Emilia a ɗakinta da rana tsaka, tana ɓarar gyaɗa. Idanunta sun kumbura. Kafin a tambaye ta ta ɗauko takalmin ta ajiye a gabanmu.

"Saurayina ne ya saya. Ku tambaye shi, in har yanzu yana amsa sunana."

"Mayar da takalminki, 'yata," in ji Eli. "Ni safiyarki nake so. Daga sa mabuɗi a ƙofa har harafin farko. Kada ki tsallake komai, ko tari ne."

Ta dube ni, na ce ta faɗa.

"Ina buɗewa, in buɗe taga. In cire mayafin in ninke. In akwai wuta, in danna kwamfutar. Sai wasu lambobi su fara gudu a saman allo. Ba a taɓa komai sai sun tsaya ta yi ƙara, tit. To ni ba na son zaman banza, sai in rufe ido in yi Addu'ar Ubangiji. Tana yin ƙara in buɗe ido, in ƙarasa sauran a zuci."

"Kullum?"

"Kullum, shekara biyu. Har na san inda take kama ni. Daidai wurin roƙon gafara." Ta ɗan yi murmushi, na farko a kwana uku. "Nakan ce ita ma tana da laifin da take so a yafe mata. Amma yanzu ta ƙara sauri. Ko roƙon abinci, da ke zuwa kafin na gafara, ban kai ba take yi."

Eli bai motsa ba. "Tun yaushe?"

"Tun da na dawo daga jana'izar gwaggona a Zonkwa. Litinin ta ƙarshen Nuwamba. Na ce ko hutun da ta samu ne."

Na koyar da lissafi shekara talatin da biyu, ban buƙaci Nnaemeka ba, ko da yake daga baya ya tabbatar: lambobin nan, kwamfuta ce ke ƙirga memorinta. Rabin kaya, rabin lokaci. Ba a makon Kirsimeti aka yi satar ba. An yi ta mako shida da suka wuce, Emilia tana Zonkwa, Meshak yana Kwoi.

"Da kika tafi, mabuɗi fa?" Eli ya tambaya.

Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar.

"Doka ta ce kada in ba kowa."

"Na ji doka. Wa kika ba?"

"Kayan bikin godiya suna ciki, Baba. Ta ce za su kwashe. Ta yaya zan hana ta? Ita ta tsaya mani a matsayin uwa ranar baikona."

Ba ta faɗi sunan ba. Babu buƙata. Uwar baikonta ita ce Mama Tamar, shugabar Zumuntar Mata, matar Dattijo Azariya, telar da ta ɗinka mayafin kwamfutar, wadda ba ta taɓa kai keken ɗinkinta wurin mai gyara ba.

A hanya na ce, "Shi ke nan, Baba, yarinya ta fita."

"Malama, kin yi boko da yawa," in ji Eli. "Na sha bin sawu har ƙofar gida. Ba kowace ƙofa ake buɗewa ba."

*

Alhamis da yamma aka taru a ofis: dattawa biyar, sabon fastonmu da bai cika wata uku ba, Emilia, Nnaemeka, Meshak, da Mama Tamar, wadda Eli ya roƙa ta zo a madadin mata. An kira Nuru ma, aka bar shi a bakin ƙofa.

Eli bai yi dogon jawabi ba. Ya sa Nnaemeka ya soka memorin aro. Ya ce Emilia ta danna ta yi addu'arta da ƙarfi, yadda ta saba. Ƙarar ta same ta a wurin gafara. Aka zare biyun, ta sake. Ƙarar ta zo ba ta kai abinci ba. Sau uku aka yi, don wani dattijo ya ce ta ja baki.

"Tun ƙarshen Nuwamba take jin wannan," in ji Eli. "Ɓarawo ba ya ba ka ranar da ya yi sata, balle ranar da ba ya gari. Wanda ya yi wannan ya san wasiƙa na cin goma sha shida, wasa na cin talatin da biyu. Ya bar wa coci nata, ya ɗauke na wasa. Ya tarar da kusa ta yi tsatsa, ya ɗiga mata man keken ɗinki, ya mayar da kowace a raminta. Ban taɓa bin ɓarawo mai tausayin kaya haka ba." Ya juya ga Mama Tamar, ya rage murya. "Mama, ni na gaji. Ki taimake ni."

Mama Tamar ta gyara ɗaurin kallabinta. Ba ta yi kuka ba.

"Ni ce."

"Tamar!" in ji mijinta.

"Ni ce, Baban Shedrak. Na tambayi yaron nan a Oktoba ina riƙe da tsintsiya, ya yi mani bayanin filin citta, na kalli inda hannunsa ya shiga." Ta juya ga ɗanta. "Na kawo maka tuwo na tsaya a bayanka. Na ji wanda kake kira. Na binne ɗa ɗaya ba gawa. Kai kuma kana koyon hannu a ɗakin Allah kowace Asabar. Na gaya wa ubanka, ya ce wasa ne, gara nan da mashaya."

"Ina suke?" Nnaemeka ya tambaya a hankali. "Mama, in suna nan, minti biyu ne in mayar."

"Na daka su a turmi. Na zuba a masai."

Meshak ya tashi ya fita, ya bangaje Nuru a ƙofa.

Ni na yi tambayar da ba wanda ya so yi. "Tamar, kwana biyar ana jan sunan yarinyar nan a kasuwa. Kina ina?"

Sai a nan fuskarta ta karye. "Na ce zai wuce, Malama. Kullum na ce gobe." Ta durƙusa a gaban fasto. "Ku sa ni a horo. Ni na yi."

"Tashi ki zauna," in ji Dattijo Azariya. Ya ce duk wanda ba dattijo ba ya fita. Ni aka bar ni, saboda alƙalami.

*

An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mai wannan magana bai taɓa rubuta bayanin taron dattawa ba.

Minti arba'in suka yi. Ɗaya ya ce in an sa shugabar mata a bencin baya, Zumunta za ta watse. Wani ya ce uwa ce ta tsare ɗanta, wannan ba sata ba ce, kishin Ubangiji ne. Na uku ya ce amma jama'a sun san an yi ɓarna, dole su ji an hukunta wani, in ba haka ba samari za su koma kan mai shayi, kuma kowa ya san inda irin wannan ke ƙarewa a garin nan. Sai Dattijo Azariya ya buɗe kundin dokokin ofis, ya karanta layin da ya hana ba da mabuɗi.

"Da ba ta bayar ba, da ba a yi ba," in ji shi.

Na ajiye alƙalami. Na ce, "Dattijo, matarka ta karɓa. Wace yarinya ce a cocin nan za ta ce wa Mama Tamar a'a? In kun karanta sunanta ranar Lahadi, ba wanda zai ji mabuɗi. Ɓarauniya za su ji."

"Malama, an kawo ki ki rubuta ne."

Fasto ya dubi takalminsa. Hannu biyar suka tashi. Horo na wata uku ga Emilia, "game da al'amarin kwamfuta". Ba a yarda a ƙara kalma ɗaya ba.

Eli yana zaune a kan dakalin waje yana shan shayin Nuru. Da ya ga fuskata bai tambaya ba. Na miƙa masa goron da na ƙulla masa, ya tura hannuna.

"Ba a ba maharbi tukuici in naman ya tashi ya kama mai gona," in ji shi. Ya ɗauki sandarsa ya nufi tashar mota.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. An karanta ranar Lahadi. Na tashi a taron mata na faɗi gaskiya, Tamar ma ta faɗa da bakinta, aka ce kai, Mama da zuciyar kirki, tana so ta rufa wa 'yar baikonta asiri. Kafin Fabrairu ta ƙare kawun saurayin ya zo ya ce su dangi ne masu suna, sun fasa auren. Emilia ba ta jira an ɗage horon ba. Tana Jere yanzu, tana taya wata 'yar'uwarsu sayar da doya a bakin titi. Meshak bai sake taka ofis ba. An ce mani ana ganinsa a maƙerar da ke bayan kasuwa, inda ba garma kaɗai ake ƙerawa ba.

Amma safiyar Jumma'ar nan, washegarin taron dattawa, ce ba ta bar ni ba. Takardar horo sai an buga ta, a sa hatimi, kuma duk cocin babu mai iya buga takarda sai mutum ɗaya. Ni na kai mata rubutun da hannuna. Ta karanta har ƙasa, ta gyara mani waƙafi ɗaya.

"Goma sha shida zai isa wannan, ko Malama?" ta ce.

Na ce zai isa.

Ta buɗe taga. Ta cire mayafin ta ninke shi huɗu. Ta danna, lambobi suka fara gudu, ta rufe ido, leɓenta na motsi. Ƙarar ta zo da wuri, nesa da wurin gafara. Na jira in ga ta ƙarasa sauran a zuci, yadda ta ce tana yi. Leɓenta bai sake motsi ba. Ta jawo kujera, ta fara buga sunanta.